Yadda Ake Bin Sawun Kakannin da Suka Yi Nisa: Jagora ga Mutanen Sabiyal da Kewaye

Da wuya ka zauna da tsofaffin wani gida a Sabiyal, Aliero, Jega ko Maiyama, hira ta yi nisa, ba a ambaci wani da ya fita bai dawo ba. "Ya yi Gwanja." "Ya tafi Gabas da ƙafa." "Kurmi ta riƙe shi." "Soja suka ɗauke shi lokacin yaƙin Hitila." Yawanci daga nan labari ya tsaya, sai a bi shi da addu'a. Amma mutumin nan, in Allah ya yi masa tsawon kwana, ya yi aure ya hayayyafa, kuma jikokinsa suna nan a Kumasi ko Gadarif ko Makka. Su ma abin da ke hannunsu bai wuce jimla guda ba: "Kakanmu daga Jega ya zo." Aikin mai bincike shi ne ya sada waɗannan guntayen labari biyu. Abu ne mai yiwuwa, amma yana da tsari, kuma wanda ya fara da inda ya kamata ya ƙare zai kashe kuɗi da lokaci a banza.

Mutanen ƙasar Ayalan sun yi fice a wannan sana'a. Yunwar da ta auka musu tsakanin 1845 da 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu sama da miliyan kuma suka bazu Amurka, Kanada, Ingila da Ostireliya. A 1922 gidan ajiyar takardun gwamnati na Dublin ya ƙone a yaƙin basasarsu, tsoffin takardun ƙidaya da yawa suka salwanta. Duk da haka zuriyarsu na gano asalinsu har yau, kuma ƙa'idar farko da masanansu ke koyarwa ita ce a tabbatar da ainihin ƙauyen da mutum ya fito kafin a buɗe kowane kundi. Mu takardunmu ba su kai nasu ba, amma mun fi su rayayyen zumunci da tsofaffi masu riƙe da salsala a ka. Da su za a fara.

A ɗakin tsohuwa ake fara aiki

Maza sun fi sanin tarihin sarauta da iyakar gona. Wa ya auri wa, wa ya haifi wa, wa ya yi fushi ya bar gari, wannan ilimin mata ne. Nemi gwaggo, inna ko kaka mafi tsufa a dangi, ko da aure ya kai ta wani ƙauye, ka je da goronka, ka nemi izinin ɗaukar muryarta a waya. Kada ka tafi kai kaɗai. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ko na surukinta ba saboda alkunya, don haka ka tafi da jikanya ko abokiyar wasa wadda za ta furta sunan, ita kuwa ta tabbatar da kai.

Abin da kake nema ya fi suna ɗaya. Kana buƙatar sunan yanka da laƙabi, domin wanda gida suka sani da Nomau, Tanko ko Ɗanjuma, a can waje da sunan yanka aka ɗaura masa aure. Kana buƙatar sunan ubansa da na kakansa da na mahaifiyarsa. Ka tambayi sana'arsa: maɗori ne, mahauci, marini, wanzami, ko almajiri mai neman karatu? Mai sana'a wurin 'yan sana'arsa yake sauka a baƙon gari, kuma ɗori, wanda Aliero ta yi suna a kansa, gado ne da ke bin zuriya duk inda ta je. Ka tambayi zanen fuskarsa, na Kabawa ne ko na Gobirawa, na Zamfarawa ko na Arawa, domin jika yakan manta sunan ƙauye amma ba ya manta fuskar kakansa. Sannan tambayoyi biyu da na fi ba muhimmanci: da wa ya tafi, kuma wa ya kawo labarinsa na ƙarshe? Mutanen da ba sa tafiya su kaɗai. In abokin tafiyarsa ya dawo, gidan wannan abokin ne zangonka na biyu, kuma sau da yawa sun fi naku sanin inda aka baro shi.

Tsofaffi ba sa ƙirga da shekarar Turawa, sai da abin da ya faru. Kai ne za ka mai da maganarsu lissafi. Zamanin sarakunan Gwandu ma'auni ne mai kyau: Haliru ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1915, Basharu zuwa 1918, Usman zuwa 1938, Yahaya zuwa 1954, sannan Haruna Rashid daga 1954 har 1995. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, rikicin Satiru a 1906 ne, yunwar Kakalaba wajajen 1914, ta 'Yar Gusau a farkon shekarun 1940. An koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a farkon 1973. In aka ce ya tafi "Yahaya na sabon sarki, ina goyon wane", ka duba shekarun wanen nan, ka ga tazarar ta matse zuwa shekara biyu ko uku.

Kafin ka bar gida, a buɗe maka tsohon akwati da gafakar malamin gidan. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littafi ko gefen shafi. Duba ambulan wasiƙa, domin kan sarki da hatimin gidan waya suna faɗin gari da shekara ko da rubutun ciki ya goge. Juya tsohon hoto, masu ɗaukar hoto kan buga sunan shagonsu da garinsu a baya. Akwai kuma kaset ɗin murya da mazauna Makka da Sudan suka riƙa aikowa ta hannun alhazai. Ka ɗauki hoton kowane abu, ka mayar da shi inda ka same shi a gaban mai shi.

Sunan da ya tafi da shi ba shi ya isa da shi ba

Nan ne mutane da yawa ke ɓata. Mutumin Sabiyal ba ya cewa Sabiyal a Kumasi, don ba wanda zai gane. Zai ce Jega, garin da fatake suka sani. In ya ƙara nisa sai ya zama Bakabe ko Basakkwace. A Sudan ya zama Batakari ko Fallata, a Saudiyya zuriyarsa na iya ɗaukar Hausawi ko Fallata a matsayin sunan gida. Saboda haka in ka je neman "mutumin Sabiyal" aka ce babu, ba a gama ba. Ka tambayi mutanen Jega, sannan Kabawa, sannan Sakkwatawa, kana faɗaɗa da'irar a hankali, in ka sami wanda ya yi kama sai ka matse ta da sunan uba, sana'a da zane.

Sunan yanka ma yana sauya kama. Abubakar da gida ke kira Garba ko Bube, a takardar Gana zai iya fitowa Bukari, a Sudan kuwa Abbakar. Umaru ya koma Imoru ko Moro, Muhammadu ya koma Mahama, Isiyaku ya koma Issaka. Ka rubuta duk siffofin sunan a shafi guda, da boko da Larabci, ka riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda suka yi Gwanja

Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajajen 1820, ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin daular Sakkwato, kuma ayarin fatake kan tashi daga cikinta su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su nufi Salaga sayen goro. Wanda ya tafi a ƙarni na 19, Salaga ce inda za a fara zato. Sai dai yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake da malamai suka koma Kete-Karachi, Yeji, Kintampo da Kumasi, wasu har Ankara. Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan ɗan asalin Kabi da ya rasu a Kete-Karachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Don haka zuriyar Basalge na iya kasancewa a kowane ɗaya daga waɗannan garuruwa.

Zango yana da tsari, kuma tsarin ne kundin tarihinsa. Baƙo yakan sauka ne wurin mai gida ɗan yankinsu, wanda zai ba shi masauki, ya yi masa dillanci, wani lokaci ya aurar masa da 'ya. Gidajen waɗannan masu masauki suna nan, jikokinsu sun san waɗanda kakanninsu suka saukar. In ka isa Kumasi, ka fara gaishe da Sarkin Zango da limamin unguwa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da dattawan Kabawa da Sakkwatawa na tsohon Zango, Aboabo da Asawase. A Ankara kuwa akwai Sabon Zango, Nima da Mamobi. Taron addu'ar mamaci a zangunan Gana yana tara dangi daga garuruwa masu nisa, kuma sanarwa ɗaya daga bakin liman a irin wannan taro takan isa inda wata guda na yawo ba zai isa ba. Ka kasa kunne ga harshen tsofaffi. In ka ji ana "hwara" da "mi kac ce", ka san akwai Sakkwatanci a gidan.

Akwai abu ɗaya da zai iya rage maka tafiya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Hausawa da yawa sun dawo, kuma ba kowa ya koma ƙauyensu ba. Wasu sun tsaya Legas, Kano, Sakkwato ko Yamai. Ka tambayi dattawan Jega da Aliero waɗanda suka dawo a korar, domin sun zauna da mutanen da kake nema. Mai son takarda kuma, ma'ajiyar tarihin Gana da ake kira PRAAD tana da ofisoshi a Ankara, Kumasi da Tamale.

Waɗanda suka tafi Gabas

Tafiya hajji da ƙafa takan ci shekaru. Hanya ta bi ta Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeche, Junaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan. Mahajjaci yakan tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara guzuri, kuma da yawa nan suka tsaya ke nan. Akwai kuma babbar hijirar 1903: bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban mutanenmu suka sami aiki a can, wasu kuma suka zauna Gadarif da Kasala.

Abin da zai taimake ka a nan shi ne yadda ake rubuta suna. A Sudan da Saudiyya takardar mutum tana ɗauke da suna huɗu: nasa, na uba, na kaka da na uban kaka. Jikan mutumin da kake nema yana yawo da sunan kakanku da na uban kakanku a aljihu. In sunaye biyu a jere suka dace da naka, ga sana'a ta dace, ga lokacin isowa ya dace, ka kusa. Alhazai da masu umara su ne manzanninka mafi sauƙi. Ka rubuta musu bayanin a takarda guda da Larabci da Hausa, su kai wa dattawan Hausawa na Sharamansur da Misfala a Makka, ko na Madina da Jidda.

Amma a yi hattara, kuma ina faɗin wannan da babbar murya. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na zaune a ƙasar tun kafin 1898, abin da ya sa gidaje da yawa suka daina ambaton asalinsu a fili. A Saudiyya ma akwai waɗanda aka haifa a can amma zamansu bai daidaita ba. Wallafa sunan mutum da hotonsa a Facebook kana cewa ɗan Najeriya ne na iya jawo masa abin da ba za ka iya gyarawa ba. A yi magana a asirce, shi ya zaɓi abin da za a bayyana. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan tun Afrilun 2023, wanda ya taɓa Jazira da Sinnar ya raba miliyoyi da gidajensu. Ba lokacin tafiya can ba ne. Wanda ya san ɗan'uwansa amma yaƙi ya yanke sadarwa, ya je ofishin Red Cross, suna da sashen sada dangin da rikici ya raba, kuma ba a biyan ko kwabo.

Kurmi, soja da bauta

Na Kurmi sun fi sauƙi. Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da Agege da Shagamu duk suna da Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan goro da 'yan shanu, kuma masu kai albasar Aliero kudu suna zirga-zirga kowane mako. Ka ba su saƙo.

Wanda soja suka ɗauka, nemi lambarsa a kan lambar girma ko takardar sallama in akwai. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama tsakanin 1943 da 1945. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, CWGC, ta sa sunayen waɗanda suka rasu a shafinta na intanet, kyauta ake dubawa, kuma sunayen 'yan Najeriya da yawa na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Turawa kan rubuta soja da sunansa da na garinsu, don haka ka gwada Jega, Gwandu, Gando, Kebbi da Sokoto a gurbin sunan mahaifi. Ofishin tsoffin sojoji na jiha ma wurin tambaya ne.

Wasu kuwa ba da son ransu suka tafi ba. An sayar da Hausawa zuwa Tarabulus da Tunis, an kuma tsallaka da wasu Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shiga tawayen bayi na 1807 da na 1835. Ɗaiɗaikun sunaye ba safai ake samu ba. In kuma bincike ya tono maganar bauta a cikin dangi ko maƙwabta, ka rubuta gaskiya a littafinka, amma kada ka mai da ita abin hira a dandali.

Gidajen ajiyar takardu

Sai ka tara duk wannan sannan tafiya Kaduna za ta yi amfani. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke can, fayilolin Lardin Sakkwato suna ƙarƙashin alamar SOKPROF, kuma a ciki akwai rahotannin kimanta haraji na gundumomin Gwandu, masu ɗauke da tarihin ƙauyuka, jerin dagatai, sana'o'i da bayanin cin rani. Kada ka sa ran ganin sunan talaka a ciki. Amfaninsu shi ne su nuna maka shekarar da fari ko haraji ko aikin tilas ya kori mutane, da inda suka nufa. Ka tuna rubutun Turawa: Gando a maimakon Gwandu, Jegga a maimakon Jega. Gidan Arewa a Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna da wasiƙu da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Inda aka fi samun sunan talaka shi ne tsoffin rajistocin kotun alƙali, musamman na rabon gado, inda ake jera magada har da wanda ba ya nan. Ka tafi da wanda ya iya karanta tsohon rubutun Larabci.

Ranar da aka ce an samu

Kada murna ta sa ka zuba duk abin da ka sani. Ka riƙe abu biyu ko uku, kamar laƙabin uwarsa ko sunan ƙanensa ko wani tabo a jikinsa, ka bari su faɗa da bakinsu. Wanda ya fara da neman kuɗin mota ko na takarda kafin a tabbatar da komai, ka dakata da shi. Gwajin ƙwayar halitta na iya ƙarfafa zato tsakanin mutum biyu da aka riga aka gano, amma ba zai nuna maka ƙauye ba, kuma ba shi ne ke yanke hukuncin nasaba da gado a shari'a ba.

Gado shi ne abin da ya fi ɓata irin wannan aiki. Na gida suna tsoron baƙi za su zo neman gona, na waje suna tsoron za a ɗora musu nauyi. Ka bayyana wa ɓangarorin biyu tun farko cewa zumunci kake nema. In maganar haƙƙi ta taso, ba kai za ka yanke ba. Fiƙihun Malikiyya ya yi bayanin wanda ya ɓace: matarsa takan jira shekara huɗu bayan alƙali ya bincika sannan ta yi idda, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin tsaransa ba sa wucewa, wanda aka fi ƙaddarawa da saba'in. A kai wa malamai da alƙali, su duba.

Daga ƙarshe, ka rubuta komai da tsabta: wa ya faɗa maka, a ina, ranar nawa, kuma ka bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Ka yi kwafi uku, ɗaya a gidanku, ɗaya wurin liman ko dagaci, ɗaya ga dangin da aka gano. Ina roƙon hakimai da dagatan Jega, Aliero da Maiyama su buɗe littafi na musamman na waɗanda suka fita, na da da na yanzu, har da samarin da ke Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya a yau, sannan ɗaliban jami'ar Aliero su ɗauki unguwa-unguwa su taya rubutawa a lokacin hutu.